Rufaffiyar Taga a Makokin Gomezgani

Tun daga nesa Dakta Towera Msiska ta hango ganyen da aka shimfiɗa a kan hanya, alamar akwai gawa a gida. Direba ya rage gudu kamar yadda kowa ke yi, ita kuwa ba ganyen take kallo ba. Idonta na kan gidan yayanta Gomezgani, kuma abin da take tsoro tun daga Blantyre shi ta tarar. An fitar da kujeru an jera wa maza a gindin mangwaro, tagar falo kuma a rufe ruf, har an saye ta da zane daga ciki.

Duk wanda ya taɓa bin layin asibiti a ƙasar nan ya ga aikin Towera, ko da bai san sunanta ba. Hoton nan da ke manne a bango, na wata mata tana tura taga da hannu biyu, daga bincikenta ya fito. Shekara da shekaru ta yi tana bin gidajen masu tarin fuka ƙauye-ƙauye, tana tambayar inda suka zauna da waɗanda suka zauna da su, har ta nuna yadda rufaffen ɗakin makoki ke raba cutar, musamman ga waɗanda ƙanjamau ya riga ya raunana wa garkuwar jiki. Masana a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba suna kafa hujja da rubutunta. Ɗalibai suna haddace sunanta don cin jarrabawa. Amma nan ƙauyensu ne a bayan Rumphi, kuma a nan Towera ba kowa ba ce illa 'yar marigayi Msiska, wadda boko ya hana zaman gida.

Ta durƙusa ta gai da maza. Mai gari ya karɓi hannunta yana jinjinawa.

"Ga 'yar rediyonmu ta iso. Sannu da hanya, sannu da rashi. Muna jin ki kullum, a buɗe taga, a buɗe taga. Matata har ta hana ni barci da sanyi saboda ke."

Maza suka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta wurin mutuwa. Ta ce, "Baba, to ga taga can a rufe."

"A'a, wancan ɗakin mata ne. Gwaggonki ke da shi. Ni da girmana ba na sa baki."

Gomezgani tarin fuka ne ya kashe shi, kuma ba irin wanda magani na yau da kullum ke ji ba. Towera ce da kanta ta sa aka gwada kakinsa, ta ga sakamakon, ta yi ta kira tana roƙon a kai matarsa ita ma a gwada. Aka ce to, aka ce gobe, aka ce bayan an cire masara. Yau ga shi an wayi gari matar ce a tsakiyar ɗaki.

Tana ɗaga labulen ƙofa zafi ya doke ta a fuska, da warin gumi da na kyandir. Mata sun cika falon maƙil, ƙafa kan ƙafa, 'yan zumuntar coci cikin fararen rigunansu suna jan waƙa a hankali. Akwatin gawa na jikin bango. A gabansa matar mamaci, NyaGondwe, tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. A wajenmu matar da mijinta ya mutu ba ta zama da ƙarfin kanta. Wata mace daga jinin mamacin ce ke zama a bayanta, ta jingina da ƙirjinta, ta share mata hawaye, ta ba ta ruwa, kuma wadda ta riƙe ta ba ta sakinta sai akwati ya fita daga ɗaki. Towera ta duba ta ga wadda aka zaunar. Ƙanwarta ce, Lusungu.

A duk ɗakin nan, da ma duk ƙauyen, Towera kaɗai ta san abin da ke jikin Lusungu. Da damina ta zo mata Blantyre a kan wai ciwon ciki, aka gwada, aka samu ƙwayar ƙanjamau, garkuwar jikinta kuma ta yi ƙasa ƙwarai. Ba a daɗe da ɗora ta a kan magani ba. Ranar Lusungu ta kama ƙafar yayarta tana kuka, ta sa ta rantse da kabarin uwarsu cewa ba mai ji daga bakinta. Ba don ba ta san inda ta samo ba ne, mijinta Kondwani ne ke aiki a Joni, can Afirka ta Kudu, yana zuwa yana komawa. Amma ta san garinsu. Wanda aka fara jin yana da cutar, shi za a ce ya kawo.

NyaGondwe ta yi tari. Tari mai nauyi daga can ƙasan ƙirji, har ta dunƙule, sannan ta koma ta kwantar da kai a kafaɗar Lusungu, bakinta dab da kumatunta. Towera ta san wannan tarin kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ta kuma san abin da yake yi wa mai jiki irin na Lusungu, don ita ce ta rubuta shi.

Ta yi kukanta na shigowa kamar yadda ya kamata, ta dafa akwatin, kuma kukan gaske ne, don Gomezgani shi ya riƙa goya ta a keke zuwa makaranta. Da ta natsu sai ta buɗe jaka ta fito da ƙunshin takunkumin rufe baki da hanci.

"Gwaggo, na zo da waɗannan. Ko da NyaGondwe ce kaɗai ta sa, da masu kusa da ita."

Gwaggo, ƙanwar ubansu, tana zaune kusa da kan akwati da sandarta a cinya. Tsohuwa ce 'yar firit, amma ko mai gari ba ya tsallake maganarta a gidan Msiska. Ta dubi takunkumin, ta dubi Towera sama da ƙasa.

"Wari yake yi miki?"

"Ba haka ba ne, Gwaggo."

"To mene ne? Ɗan'uwanki na kwance, kin zo daga birni za ki toshe mana hanci a kansa. Matar da ke kuka kuma ki ɗaure mata baki kamar jaki a gonar masara. Mayar da tsummanki jaka."

"To a buɗe taga, ko kaɗan ne. Zafi ya yi yawa, ga tsofaffi."

"Tsofaffin sun kai miki ƙara? Ba a buɗe wa mamaci taga a gidan nan. Ta ƙofa ya shigo, ta ƙofa zai fita. Haka aka yi wa ubanki, haka za a yi mini. In kin mutu a Blantyre su rushe bangon ma gaba ɗaya, ba ruwana."

Wata daga cikin 'yan zumunta ta ce, "A bar Dakta, ta saba da ɗaki mai injin sanyi." Aka yi murmushi, waƙa ta ci gaba.

Takaici ya kama Towera. Ta taɓa tsayawa gaban ministoci ta faɗi magana, aka canza doka. Yau taga ɗaya, katako biyu da sakata, tana nan a inda hannunta zai kai, ta gagare ta. Ta tambayi yaushe za a fita da gawa. Aka ce sai kawunsu ya iso daga Lilongwe, motarsa ta lalace a hanya, watakila sai gobe da hantsi.

Ta kutsa tsakanin ƙafafun mata har ta samu gefen Lusungu, ta matsa bakinta kusa da kunnenta kamar mai ta'aziyya.

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun da aka kawo shi."

"Tashi ki fita."

"In ce me?"

"Ki ce kanki na ciwo. Ki ce za ki duba 'yarki."

"Tana wajen maƙwabta, kowa ya sani. Yaya, Gwaggo ce ta zaunar da ni. Ga surukata can tana kallona." Ta nuna da ido. NyaMhango, uwar Kondwani, tana jikin ƙofa da littafin waƙa a hannu, bakinta na waƙa, idonta na kansu.

"Kin sha maganinki yau?"

"Rufa mini asiri, ki yi shiru."

"Lusungu, in wannan ya kama ki yanzu, ba na jin zan iya fitar da ke."

Hawaye ne kawai suka gangaro wa Lusungu, kuma a ɗakin makoki ba mai tambayar dalilin hawaye. NyaGondwe ta sake tari, Lusungu ta kai gefen zanenta ta share mata baki.

Towera ta ɗaga murya. "Gwaggo, Lusungu ta gaji. Ni ce babba. Ni ya kamata in riƙe ta."

"Da kin zo da wuri da ke ce. Yana jinya kina ina? Kina jirgin sama. Wadda ta riƙe ta riƙe, ba a canza hannu kamar ana dakan masara."

Ta koma ta zauna. Gaba kura, baya siyaki. In ta faɗi gaskiya, Gwaggo ma da kanta za ta iya tausayawa, amma kafin rana ta faɗi labari ya gama ƙauye, ya kai Joni, ga kuma rantsuwa a kan kabarin uwa. In ta yi shiru, za ta zauna tana kallo ana hura wa ƙanwarta ajali a fuska har gobe. Rana ta take, kwanon rufi ya ɗauki zafi yana ƙara. Aka shigo da tuwon masara da ƙananan busassun kifi, aka ci a nan inda ake zaune, Lusungu na ba NyaGondwe a baki tana ci daga kwano ɗaya. Towera ba ta ci ba. Tana jin kowane tari a jikinta kamar ita ake duka.

Can sai wata yarinya matashiya ta leƙo ƙofa za ta shigo da tulun ruwa. Gwaggo ta ɗaga sanda.

"Ke, tsaya nan. Da wannan cikin za ki shigo kan gawa? Ajiye a bakin ƙofa ki koma wajen murhu."

Yarinyar ta ajiye ta juya. Towera ta bi ta da kallo. Ashe akwai ƙofa. Mai ciki ba ta zama ɗaki ɗaya da gawa, wannan ko Gwaggo ba ta isa ta tanƙwara shi ba. Ta yi lissafi da sauri irin na mai binciken da ya saba haɗa abu da abu: Kondwani kowace Kirsimeti yana gida, haka yake tun aurensu, yanzu kuma ba a yi nisa da Kirsimeti ba. Ƙaramin ciki ba ya nunawa. Nan da wani lokaci a ce ya zube, shi ke nan, wa zai bincika? Ba ta tsaya ta tambayi Lusungu ba, don ta san za ta hana ta.

Ta jira waƙa ta sauka, sannan ta ce da muryar da kowa zai ji, "Gwaggo, ban so in faɗa a cikin mutane ba, amma kin matsa. Lusungu ba ita kaɗai ba ce. Kunya ce ta hana ta gaya miki. Ni na duba ta."

Towera ta zaci za a yi 'yar hayaniya, a yi wa Lusungu faɗan ƙuruciya, a kore ta waje ana tsokanarta. Ba wanda ya yi ko ɗaya. Mai jan waƙa ta sunkuyar da kai. Wata ta ja zanenta ta rufe baki. Lusungu kuwa ta juyo ta kalli yayarta da wani irin ido da Towera ba ta taɓa gani ba.

NyaMhango ce ta rufe littafin waƙarta a hankali.

"Dakta, kin ce ke kika duba ta?"

"Ni ce, Mama."

"To ai ba a musu da likita." Ta gyara zama. "Sai dai ɗana Kirsimeti biyu ke nan bai taka ƙasar nan ba. Takardunsa sun mutu, in ya fito ba zai iya komawa ba. Duk wanda ke garin nan ya sani."

Duk wanda ke garin nan. Ban da Towera. Kirsimetin bana tana wani taro a ƙetare, ta bara tana kan rubutu, ta aiko da kaya ta direba. Ta san yawan masu tari a kowace gunduma ta arewa, ta san shekarunsu da sana'arsu, amma ba ta san mijin ƙanwarta bai zo gida ba. Lusungu ba ta faɗa ba, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba. Garin gyaran gira ta tsone ido.

Magana zarar bunu ce. Ta buɗe baki za ta ce kuskure ne, ta ruɗe ne, ba haka take nufi ba. Amma in ta janye, Lusungu ta koma bayan NyaGondwe har gobe, kuma za a tambaye ta abin da ya sa likita guda ta yi ƙarya a kan gawar ɗan'uwanta. Amsar wannan tambaya ɗaya ce tak, ita ce kuma wadda ta rantse ba za ta faɗa ba.

Gwaggo ba ta kalli Towera ba. Lusungu ta kalla.

"'Yar nan, gaskiya ne?"

Yanzu magana ta koma hannun Lusungu, kuma Towera ta ga tana aunawa. Ta ce ƙarya ne, ta tsira da sunanta, ta ci gaba da zama. Ko ta faɗi ainihin abin da ke jikinta. Ko ta ɗauki abin da aka ɗora mata ta fita da shi. NyaGondwe, wadda ba ta ma san me ake ciki ba, ta sake sarƙewa da tari, ta tofa a tsumma, kuma Lusungu da ke riƙe da tsumman ta ga jan da ke ciki. Daga waje, can wajen maƙwabta, ana jiyo muryar yara suna wasa, 'yarta na cikinsu.

Lusungu ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta sa hannu biyu ta ɗaga kan NyaGondwe daga kafaɗarta.

"Zo ki karɓe ta, Yaya."

Towera ta matsa ta zauna a wurin, wurin da ɗumin ƙanwarta bai bar shi ba tukuna. Nauyin matar ya sauko mata a ƙirji, ba nauyin kirki ba, ƙashi ne da zazzaɓi. Lusungu ta sunkuyo kamar tana gyara wa NyaGondwe ɗankwali, ta yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Da kin tambaye ni."

"Lusungu, zan gyara. Zan kira Kondwani da kaina."

"Ki ce masa me?"

Lusungu ta miƙe, ta ɗaure zanenta. Mata suka janye ƙafafu suka ba ta hanya, faɗin hanyar ya fi wanda ake ba mutum don ya wuce kawai. Ta ɗaga labule, haske da iska suka shigo na ɗan lokaci, labule ya koma.

Ba a jima ba NyaMhango ta tashi. Ta ce da Gwaggo, "A yi mini uzuri, zan ɗan fita." Tana tafe tana kwance bakin zanenta inda take ƙulle wayarta.

Towera ta yunƙura za ta bi ta. Sandar Gwaggo ta sauka a kan gwiwarta, ba da ƙarfi ba.

"Ina za ki? Ke kika nema. Kin riƙe ke nan sai akwati ya fita."

Ta koma ta zauna. Tsakanin zanen da aka saye tagar da shi da katako akwai 'yar tsaga, daidai idonta. Ta nan ta hango tsakar gida. Lusungu na tsaye ita kaɗai nesa da murhu, matan da ke girki sun ba ta baya suna tuƙa tuwo kamar ba su gan ta ba, ashe har labari ya riga ta fita. Iska na kaɗa mata ɗankwali, iska mai kyau, irin wadda Towera ta shafe rayuwarta tana roƙon a bar mutane su shaƙa. A gefen rumbu kuwa NyaMhango ta ɗaga waya sama tana neman inda za ta kama, ta samu, ta kai ta kunne.

Mai jan waƙa ta ɗauko sabuwa, mata suka amsa. NyaGondwe ta juyo da fuska ta manna a wuyan Towera, numfashinta da zafi, ta ce a galabaice, "Na gode da kika zo, Dakta. Yayanki yana ta cewa in kin zo komai zai yi daidai."

Towera ta rungume ta da hannu biyu. Ƙunshin takunkumi na cikin jakarta can inda ta bar ta, ƙarƙashin ƙafafun mutane. Tari ya sake taso wa matar, Towera ta ji shi yana hawowa ta cikin haƙarƙarinta tun kafin ya fito. Ta riƙe numfashi iya yadda za ta iya, sannan ta shaƙa.